Rabon zafi tsakanin ɗaki da bututun hayaƙi

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, murhun jin ɗumi mai amfani da itace ya kusa shekara ɗari uku yana fama da matsala guda, kuma har yau ita ke sa ɗaki ya turnuƙe. Bututu ba ya zuƙar hayaƙi sai hayaƙin ya fi iskar waje zafi, domin zafin ne ke ɗaga shi sama. To amma wannan zafin shi mai gida ya sayi itace dominsa. Saboda haka duk maƙerin murhu rabo yake yi tsakanin ɗaki da bututu, kuma mafi yawan abin da ake kira lalacewar murhu rashin daidaiton wannan rabo ne.

Benjamin Franklin na Filadelfiya ya gane cewa buɗaɗɗen murhun bango yana aika galibin ɗuminsa sama a banza. A ɗan littafin da aka buga a 1744 ya bayyana murhun ƙarfe wanda hayaƙi ke bi ta bayan wani akwatin iska, ya gangara ƙasa kafin ya shiga bututu. Dabarar ta yi kyau a takarda. A aikace kuwa hayaƙin kan huce a hanya, ya rasa ƙarfin tashi, ya dawo wa masu ɗaki. Murhun bai samu kasuwa ba sai da wasu suka sauya masa fasali, ko da yake sunan Franklin ne ya bi shi.

Mutanen Suwidin sun fi shi dacewa. Masana'antar ƙarfe ta cinye musu itace wajen yin gawayi, har hukuma ta sa Carl Johan Cronstedt da Fabian Wrede su nemo mafita a 1767. Su ma sun sa hayaƙi ya yi ta hawa da sauka, amma a cikin ginin tubali mai kauri. Ana hura wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, itacen ya cinye sarai, sannan a rufe bututu, tubalin ya yi sa'o'i yana fitar da ɗumi. Bambancin yana nan: sun tatse zafin ne bayan wuta ta gama cin hayaƙinta, ba kafin nan ba.

Amurkawa sun manta wannan darasi bayan tashin farashin mai a 1973. Aka rungumi murhun ƙarfe mai rufewa ruf, ana cika shi da itace a toshe masa iska don ya kwana yana ci a hankali. Wutar da aka shaƙe ba ta ƙone hayaƙinta, sai ya hau bututu mai sanyi ya manne, ya zama baƙin danƙo irin na kwalta, ɗan'uwan kunkunniyar da ke taruwa a jinkar ɗakin girki. Ranar da wannan danƙo ya kama wuta, bututun kansa ke ci, wani lokaci har da rufin gida. A 1988 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade yawan hayaƙin da sabon murhu zai fitar.

Wani zai ce ai wannan tarihi ne, murhun zamani yana shigar da iska ta biyu ya ƙone hayaƙin tun yana ciki. Gaskiya ne, amma murhun ba ya zaɓar itacen da za a zuba masa. Ɗanyen itace yakan kai rabinsa ruwa, kuma wuta na ɓata ƙarfinta wajen ƙafe ruwan, hayaƙi ya fito da sanyi kamar na Franklin. Shi ya sa ake son danshin itace kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma daga 2021 Ingila ta hana sayar da ɗanyen itacen wuta a ƙananan ɗauri. Wani kuma zai ɗora laifin a kan sakacin masu gida. Akwai sakaci, amma mai share bututu sau ɗaya a shekara ma yakan ga hayaƙi ya dawo masa a hurawar farko ta hunturu, don kawai bututun ya yi sanyi. Maganin da masu sana'ar murhu ke bayarwa shi ne a fara ƙona takarda ko ƙirare a ɗumama shi, wato a biya bututu kasonsa kafin ɗaki ya karɓi nasa.