Koma da Gora a Matan Fada: Tarihin Su na Argungu

Kowa ya halarci su na Argungu ya ga abin mamaki guda. Mutane dubbai su kan tsaya a bakin gulbi, kowa da koma a hannu da gora a kafaɗa, kamar yadda kakanninsu suka tsaya, alhali kuwa kasuwa cike ta ke da taru na zamani wanda ya fi koma kamu nesa ba kusa ba. Dalilin wannan shi ne abin da mu ke nufin bayyana muku, ku ma'aikata, don ya shafi aikinku.

Kabawa dai mutanen ruwa ne tun zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya zauna Surame. A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi, daga baya sarautar Kabawa ta kafu a Argungu. Tun daga nan gaba ta ɗore tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu shekaru masu yawa, a yi yaƙi, a yi amana, a sāke komawa fagen fama. An ƙulla Lafiyar Toga a 1867, ita ma ba ta ɗore ba. Har Turawa suka ci Sakkwato a 1903 zukata ba su gama hucewa ba.

To, a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, Allah ya ji ƙansa, ya kai ziyara Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya ga babu abin da ya fi dacewa a girmama babban baƙo da shi sai abin da Kabawa suka gada, ya sa aka tara masunta, aka yi gagarumin su a gulbin Matan Fada. Daga wannan rana a ke ƙidayar bikin. Watau ke nan koma ita ce ta yi shaidar sulhu tsakanin gidaje biyu da suka daɗe ba su ga maciji.

Kayan su na gargajiya iri iri ne. Akwai birgi da a ke jefawa, da mamari mai ƙugiyoyi da yawa, da gura da a ke kafawa cikin ruwa, da zago na sukar manyan kifi. Amma na ranar biki biyu ne kurum. Na farko koma, watau raga da a ke ɗaurawa a jikin sanduna tanƙwararru, a da ana saƙa ta da zaren rama ko na auduga. Na biyu gora, babban ƙoƙon duma mai baki a sama. Masunci ya kan kwanta bisansa ya yi iyo, in ya kama kifi ya jefa ciki. Aikin koma aikin jiki ne, sai mutum ya nutse, ya lalubi giwan ruwa a maɓoyarsa, ya sha kokawa da shi kafin ya fito da shi tudu.

Ba kuwa a shiga ruwa da ka. Sai an yi gyaran ruwa, Sarkin Ruwa ya duba, ya ba da izini. An kuma hana su a wannan yanki na gulbi sauran kwanakin shekara, don kifi ya sami sukuni ya hayayyafa, ya girma. Ran biki a buga bindiga, jama'a su auka gaba ɗaya, makaɗa na kiɗa cikin jirage, bayan kamar sa'a guda a tsaya, a kai abin da aka kama ma'auni.

Turawa su ma suna da nasu kamun kifi na nishaɗi, amma ɗabi'arsa dabam ce. Tun 1653 wani mutumin Ingila, Izaak Walton, ya wallafa littafi a kan daɗin zaman bakin ruwa da fatsa. Bature ya kan ɗauki sanda mai ƙarfen naɗe zare, ya nemi inda babu kowa, ya zauna shiru yini guda, abin alfaharinsa shi ne ya yaudari kifi da dabara. Bakabe kuwa ba ya jin daɗin su sai cikin taro, da kiɗa, da kirari. Ɗaya neman kaɗaici ya ke yi, ɗaya neman jama'a.

Amma fa ba sandar Bature ce ta sauya sana'ar masunta ba, zaren roba ne. A 1935 aka ƙago zaren nailan a Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ragarsa ta bazu cikin ƙasashe, har ta iso gulaben Arewa. Gaskiya a faɗe ta, tana da amfani. Ba ta ruɓewa, ba ta da nauyi, kifi kuma ba ya ganinta sosai cikin ruwa. Masunci mai iyali ba a zarge shi ba don ya saye ta, gama da ita ya ke ci da gida. Samari kuwa suka fara yi wa koma kallon kayan tsofaffi.

Aibin ya zo ne daga rashin iyaka. Raga mai ƙananan idanu ba ta barin babba ba ta barin ƙarami, har wasu suka kai ga yin su da gidan sauro, wasu da zuba maganin ƙwari cikin ruwa. Ko a da ma an san masu sa magimfa, amma ɓarnarta ba ta kai ta wannan ba. Sa'an nan aka gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978, ambaliyar da ta kan cika fadama, inda kifi ke ƙwai, ta ragu. Ruwa ya ragu, kayan kamu sun ƙaru, kifi ina zai sa kansa?

A nan ne hikimar magabata ta bayyana. Ba su hana masunci sayen sabon taru don sana'arsa ba, amma sun tsare Matan Fada, suka tsaya a kan ran biki koma da gora kaɗai. Da wannan doka mai kuɗi da talaka suka zama ɗaya cikin ruwa, ba mai cin gasa da ƙarfin aljihu, sai da ƙarfin damtse da sanin ruwa. Da an bar taru ya shiga, da mutum goma sun kwashe abin da dubu suka zo nema, taro ya watse.

Duniya kuma ta shaida. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. An yi shekaru ba a yi shi ba bayan na 2009, da aka dawo da shi a 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, da koma kuwa aka kamo shi.

To, jama'a, tsarin En'e ya kau tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma amanar da hakimai da dagatai da sarakunan ruwa suka riƙe ba ta kau ba, tana wuyan wanda ya gaje su. Kada a raina sabon abu don sabo ne, kada kuma a yar da tsoho don ya tsufa. A dubi abin da kowanne zai bar wa na baya. Masu iya magana sun ce kifi na ganinka, mai jar koma. Haka talakawa ke ganin ma'aikaci: in ya kau da kai aka yi su a ruwan da aka hana, gobe ba mai jin doka, jibi kuwa ba kifi.

Allah ya ji ƙan magabata, ya ba mu ikon riƙon amana, amin.