Ƙattin da Tarihi Ya Tsallake: Damben Masu Nauyi da Zangunan Akara

A damben zamani, wato wanda ake yi da safar hannu a kan dandalin da aka kewaye da igiyoyi, ana raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyin jikinsu, kuma ajin masu nauyi shi ne na ƙoli, domin shi kaɗai ne ba a yanka masa iyaka daga sama ba. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, duk wanda ya haura kimanin kilo 79 yana cikin wannan aji, sai daga baya aka ƙirƙiro wani aji a tsakani, aka ɗaga iyakar ƙasa har ta kai wajen kilo 91. Ƙasar Gana ta yi suna a dambe fiye da yawancin ƙasashen Afirka, amma sunan nata na marasa nauyi ne da matsakaita. Roy Ankrah, wanda ya ci kambun Daular Ingila a 1951, da David Kotei da ake kira Poison, wanda ya zama zakaran duniya na farko daga Gana bayan ya doke Ruben Olivares a 1975, da Azumah Nelson da ya kayar da Wilfredo Gomez a 1984, dukkansu sun hau gadon ne a ajin da bai wuce kilo 57 ba. Ƙattin ƙasar kuwa ba su sami masu ambatonsu ba, kuma idan aka dubi al'amarin daga zangunan Akara, irin su Nima da Maamobi da Sabon Zango, ana ganin dalilin wannan mantuwa a fili, saboda mutanen waɗannan unguwanni sun gaji wani dambe dabam, mai nasa hanyar adana sunaye.

Zango a Gana shi ne unguwar baƙi Musulmi, inda Hausa ta zama harshen ciniki da mu'amala tsakanin Hausawa da Fulani da Yarabawa da Zabarmawa da Mosi da Dagomba da Kotokoli. Hausawa sun gangaro kurmi ta hanyar fataucin goron Gwanja, wasu kuma sun zo da kayan soja a rundunar da Ingilishi suka yi amfani da ita a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fataken garin zuwa Kumasi da Akara. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, a yayin da Nima ta samo asali a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafillace dillalin shanu, ya sami fili a hannun dangin Odoi Kwao na Osu domin tsugunar da dabbobinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika ta batse da 'yan ci-rani da tsofaffin sojoji, har ta haɗe da Maamobi. Abin lura shi ne cinikin shanu da fawa suna cikin sana'o'in da suka riƙe waɗannan unguwanni tun farko, kuma a ƙasar Hausa dambe gadon mahauta ne.

Damben gargajiya, kamar yadda rundawa suka riƙe shi a ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kano da Maraɗi, bai san sikeli ba. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare yana ɗaurewa tam har dunƙulen ya yi tauri, sa'annan ya tale ƙafafu ya ranƙwafa, ya miƙa ɗaya hannun a buɗe yana kare fuska yana kuma auna tazarar abokin karawa, kalangu na zuga shi, yana amsawa da kirari. Ana yin turmi uku, kuma da zarar gwiwa ko hannun mutum ya taɓa ƙasa an ce an kashe shi. Wanda ya ga zai iya da wani, shi ke fita ya tare shi, ko da kuwa ya fi shi tsawo da ƙiba, saboda haka babu wani aji da ƙato zai ɓuya a cikinsa ko a manta da shi. Sunan gwani yana tafiya ta hanya biyu: ta bakin makaɗa, kamar yadda Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya sa har gobe ana zancen Shago da Ɗandunawa, da kuma ta yaran da ya horar, waɗanda ake kira shagon wane, su ci gaba da ɗaukar sunan maigidansu bayan ya kwance zare. Wannan tsari ya fi kundin jarida ƙarko ta wata fuska, domin ba ya bukatar izinin mai shirya wasa ko na wata hukuma, amma yana da sharaɗin a sami fage da makaɗi da jama'ar da ke zaune wuri guda tsara bayan tsara.

A Akara, fagen da ya kafu ba na zango ba ne. Damben zamani ya sami gindin zama ne a Bukom, cikin tsohon garin ƙabilar Ga masunta a bakin teku, inda tun kafin zuwan safar hannu ake da al'adar asafo atwele, wato faɗan dunƙule tsakanin ƙungiyoyin samarin unguwanni. Masanin tarihi Emmanuel Akyeampong ya nuna a nazarinsa na 2002 yadda wannan al'ada ta rikiɗe ta zama kulob-kulob na dambe a zamanin mulkin mallaka. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta rungumi wasan a matsayin abin alfaharin ƙasa, Clement Quartey ya ciwo lambar azurfa a gasar Olamfik ta Rum a 1960, Eddie Blay ya ciwo tagulla a Tokiyo a 1964, kuma Sulley Shittu ya ci zinare sau biyu a gasar ƙasashe rainon Ingila, a 1966 da 1970, a azuzuwan marasa nauyi. Yaron zango mai sha'awar dambe sai ya bi sawun wannan makaranta, da masu horarwarta da irin jikin da ta saba sarrafawa. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta fitar a watan Nuwamba na 1969, wadda ta ba marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar, ta kwashe ɗimbin mazauna zanguna zuwa Nijeriya da Nijar da sauran maƙwabta, kuma al'ummar da aka girgiza haka da wuya ta riƙe zaren labarin gwanayenta.

Ajin masu nauyi ya shigo zukatan Musulmin Gana ne ta wata ƙofa dabam. A watan Mayu na 1964, kwanaki kaɗan bayan Floyd Robertson ya kara da Sugar Ramos a filin wasa na Akara ya kuma kasa cin kambun duniya bisa hukuncin alƙalai da ya jawo ƙorafi mai zafi, Muhammad Ali ya sauka a birnin. Watanni uku ke nan da ya doke Sonny Liston, ya kuma bayyana sabon addininsa da sabon sunansa. Ya gana da Nkrumah, ya je Kumasi wurin Sarkin Asante Prempeh na Biyu, kafin ya wuce Nijeriya da Masar. A ce zakaran duniya na masu nauyi baƙar fata ne mai suna Muhammadu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga unguwannin da ake yi wa kallon na baƙi, sai dai hasken Ali ya yi ƙarfin da ya rufe waɗanda suka share masa hanya, har mai sauraro ya ɗauka daga Joe Louis sai shi.

Na farko da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Peter Jackson, wanda aka haifa a 1861 a tsibirin Saint Croix, yankin da a lokacin yake hannun Danmak, ƙasar da ta riƙe ganuwar Christiansborg a Osu har zuwa 1850, ta kuma yi jigilar bayi daga wannan gaɓa zuwa tsibiranta. Jackson ya zama zakaran Ostireliya a 1886, ya yi turmi 61 da James Corbett a San Faransisko a 1891 ba tare da an sami wanda ya yi galaba ba, ya kuma doke Frank Slavin a Landan a 1892, amma John L. Sullivan, mai riƙe da kambun duniya, ya ƙi karawa da shi saboda launin fatarsa. Corbett ne ya sami damar, shi ne kuma ya karɓe kambun. Jackson ya mutu da tarin fuka a 1901. Abin da ya fi wannan ɗaci shi ne Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya ci kambun a 1908, shi ma ya rufe ƙofar ga mafi haɗarin 'yan'uwansa, domin karawa da Bature ta fi kawo kuɗi. Sam Langford, gajeren mutumin Kanada da ya sha kaye a hannun Johnson bisa maki a 1906, bai sake samun damar ramuwa ba. Shi da Joe Jeannette da Sam McVey da Harry Wills sai suka koma dukan juna shekara da shekaru a kan wani kambu na baƙaƙe zalla: Jeannette da McVey sun yi turmi 49 a Faris a 1909, Langford da Wills kuwa sun kara fiye da sau 15. Wills ya daɗe a matsayin wanda ya fi cancantar tarar Jack Dempsey, amma ba a taɓa haɗa su ba. Daga faɗuwar Johnson a 1915 har zuwa nasarar Joe Louis a 1937, babu baƙar fatar da aka bari ya nemi wannan kambu. Langford ya makance, kuma a 1944 wani ɗan jarida ya same shi a wani ɗaki a Harlem cikin talauci, aka yi masa karo-karo, ya rasu a 1956.

Daga Afirka ta Yamma, wanda ya fi kusantar wannan matsayi a wancan zamani shi ne Battling Siki, haifaffen Sanluwi ta Senigal, wanda ya kayar da Georges Carpentier a Faris a 1922 ya ci kambun duniya na ajin da ke bin masu nauyi. An harbe shi a titin Niyok a 1925, kuma sai a 1993 aka mayar da ƙasusuwansa garinsu.

A Gana kanta, misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Adama Mensah. A gasar ƙasashe rainon Ingila ta 1978 a Edmonton, tawagar da Azumah Nelson ya ci wa zinare ita ce Mensah ya ci wa azurfa a ajin masu nauyi, bayan ya kai wasan ƙarshe da Julius Awome na Ingila. Ya shiga damben kuɗi, ya kai ga wasan kambun Afirka na masu nauyi, inda a 1982 ya sha kaye a filin Rufaro na Harare a hannun Proud Chinembiri, ɗan Zimbabuwe da ake kira Kilimanjaro. Nelson da Mensah sun fito daga tawaga guda da lambar yabo a wuya, ɗaya an raɗa wa wani filin wasanni a Akara sunansa, ɗayan kuwa ko masu bin dambe ba kowa ne ke tuna shi ba. Ba a bukatar wariyar launin fata irin ta zamanin Sullivan domin a fahimci wannan bambanci. Ƙato yana bukatar ƙattin da zai yi atisaye da su, waɗanda ba su da yawa a kulob-kulob na Bukom, yana bukatar abinci da kuɗin da suka fi na ƙaramin ɗan wasa, kuma kambun masu nauyi, da yake shi ne mafi tsoka, masu shirya wasa na Amurka sun fi tsare ƙofarsa fiye da na kowane aji. Mara nauyi yana iya gina sunansa a gida ya fita da shi, amma ƙato in bai yi ƙaura ba, kambun Afirka shi ne iyakarsa. Kilimanjaro da kansa ya nemi kambun ƙasashe rainon Ingila a hannun Horace Notice a 1987 bai samu ba, ya rasu a 1994.

Tarihin Nijeriya ya tabbatar da wannan ta ɗaya ɓangaren, domin ƙattinta da suka yi nisa duk sai da suka bar gida. David Izonritei da Richard Igbineghu sun ci azurfa a Olamfik ta 1992, Duncan Dokiwari ya ci tagulla a 1996, Ike Ibeabuchi ya doke David Tua a 1997 da Chris Byrd a 1999 kafin ɗauri ya katse masa hanzari ba tare da an taɓa doke shi ba, sannan Samuel Peter ya ci kambun duniya a 2008 yana zaune a Amurka. A Akara kuwa, karawar manyan jiki da ta fi tayar da ƙura a zamaninta ita ce ta watan Oktoba na 2017 a zauren dambe na Bukom, inda Bastie Samir, wanda ya wakilci Gana a Olamfik ta 2008, ya tsayar da Braimah Kamoko, mai laƙabin Bukom Banku, a turmi na 7, aka yi masa kayen farko a rayuwarsa ta damben kuɗi. Ko wannan ma an yi ta ne a ƙasa da ajin masu nauyi, kuma har yanzu babu ɗan damben da ya taso a Gana ya ci ɗaya daga cikin manyan kambunan duniya na wannan aji.