Daga Gonar Auduga zuwa Asibiti

Kakanninmu da suka taho Makka a ƙafa ba su zaɓi sana'a ba, abin da hanya ta ba su suka kama. Bayan kammala madatsar Sennar a 1925, da yawa sun yada zango a Jazira ta Sudan, suna tsintar auduga don haɗa guzuri. Waɗanda suka iso suka shiga ga-ruwa da wankau.

Mu kuwa takarda ce ta kawo mu Riyad. Amma tun fitowar tsarin Nitaƙat a 2011, ana ta keɓe ayyuka ga 'yan ƙasa. To, iyayen Aziziya, kafin yaro ya zaɓi karatu ku tambaya: ran da iƙama ta ƙare, sana'ar nan za ta ciyar da shi a Kano? Aikin jinya dai, duk inda majinyaci yake, ana nemansa.