Binciken koyar da lissafi a jami'a: asalinsa da yadda ake karatunsa

Ilimin koyar da lissafi, wanda ake kira «didactique des mathématiques» da Faransanci, fanni ne na jami'a da ke binciken yadda ɗalibi ke fahimtar lissafi da abin da ke hana shi fahimta. Ya bambanta da lissafi zalla. Masanin lissafi sabon sakamako yake nema, shi kuwa mai wannan bincike yana neman dalilin da ya sa yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ke maimaita kuskure iri ɗaya.

Asalin fannin

A ƙasashe masu amfani da Faransanci, fannin ya kafu ne tare da cibiyoyin binciken koyar da lissafi da ake kira IREM, waɗanda aka buɗe ukun farko a 1969 a biranen Paris, Lyon da Strasbourg. Jigon fannin shi ne Guy Brousseau (1933-2024), wanda ya fara aiki a matsayin malamin firamare. A farkon shekarun 1970 ya kafa cibiyar sa ido kan darussa a wata makaranta da ke Talence, kusa da Bordeaux, inda masu bincike ke zama a aji suna ɗaukar darasi a bidiyo. Shi ne ya fara samun lambar yabo ta Felix Klein, ta shekarar 2003.

Gwaje-gwaje biyu

Wajen 1980, masu bincike na IREM ta Grenoble sun tambayi ƴan firamare cewa: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Daga cikin yara 97, 76 sun ba da amsa ta hanyar haɗa lambobin, da yawansu suka ce 36. Ba wauta ce ta sa su ba. Sun saba cewa duk tambayar da malam ya yi tana da amsa, kuma amsar tana cikin lambobin da ya bayar. Irin wannan yarjejeniya da ba a furta ta tsakanin malam da ɗalibi ita ce Brousseau ya kira «contrat didactique».

Gwaji na biyu na Brousseau ne. Ana ba yara wani zane da aka yanka gunduwa-gunduwa, a ce su faɗaɗa shi ta yadda gefe mai santimita 4 zai koma 7. Yawanci sai su ƙara 3 a kowane gefe, sai guntayen su ƙi haɗuwa. Takardar da kanta ke nuna musu kuskuren, ba bakin malam ba, daga nan su gano cewa ninkawa ake buƙata.

Yadda ake karatun

A tsarin LMD, bayan lisansi na shekara 3, ɗalibi yana yin masta na shekara 2, sannan digirin dokta wanda aka tsara masa shekara 3. Masu shiga yawanci malaman koleji da lise ne, ko masu horar da malamai. Suna karanta tarihin lissafi, ra'ayoyin fannin da dabarun bincike. Mai bincike yakan tsara darasi, ya rubuta hasashensa na abin da ɗalibai za su yi, ya gwada a aji, sannan ya kwatanta hasashen da abin da ya faru.

A Afirka ta Yamma

Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da tata cibiyar IREM. Babban taron masana fannin masu amfani da Faransanci, EMF, an yi shi a Dakar a 2009 da Kwatano a 2022.

Akwai tambayoyin da sai ɗan ƙasa zai iya bincikensu da kyau. Yaron da ke cewa «dala ashirin» a kasuwar Maradi, a aji ana so ya rubuta 100 F, domin dala ɗaya tamma 5 ce. Kullum yana ninkawa da 5 a kansa ba tare da alli ba, amma yana iya faɗuwa a jarrabawar ninkawa da Faransanci. Gano inda wannan ilimi na kasuwa ke ɓacewa tsakanin ƙofar gida da allon aji, aikin mai binciken koyar da lissafi ne.