Silima da Sunan Waje a Kano

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Daga nan ne bakin Kanawa ya raba garin gida biyu: Birni, inda idon dattijai ke kan kowa, da Waje, inda giya da kiɗa suka sami masauki. A Waje aka buɗe gidan silima na Rex a 1937, saboda haka tun farko sunan bariki ya bi silima.

Dattijai sun yi ta kukan cewa 'ya'yansu na sulalewa da dare zuwa kallo. Da gidan El Duniya ya ƙone a 1951, mutum 331 suka halaka, da yawa suka ce fushin Allah ne. Sunan gidan kansa ya ishe su hujja.

A ganinmu kukan bai hana kowa fita ba. Finafinan Indiya da Kwarori suka shigo da su sun kama zukatan samarin Fagge da na Birni baki ɗaya, kuma tasirinsu ya bayyana a finafinan Hausa da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990.