Tarihin Haɗin Gwiwar Ƙasashen Tafkin Chadi Daga 1962 Zuwa 2025

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya koyi taswirar Nijeriya a makaranta yakan tashi da tunanin cewa al'amuran ƙasarsa sun ƙare ne a inda layin iyaka ya tsaya a gabashin Jihar Borno. A zahiri kuwa, ruwa da kifi da shanu da cututtuka da 'yan fashi ba su taɓa tsayawa a kan wannan layi ba. Wannan maƙala za ta bibiyi tarihin yadda ƙasashe huɗu da ke kewaye da Tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, suka yi ta ƙoƙarin haɗa kai domin tunkarar matsalolin muhalli da tsaro da kasuwanci da lafiya. Abin da tarihin ya nuna shi ne, akasari masifa ce ke tilasta musu zama a teburi guda, kuma da zarar ta lafa sai kowa ya kama gabansa. Ana fatan bayanin zai zama abin da malamai da masu tsara manhaja za su iya gina darussan karatu a kansa.

2.0 Tafkin Kafin Iyakoki

Tafkin Chadi faffaɗan ruwa ne marar zurfi, akasarinsa bai wuce 'yan mitoci ba, saboda haka yake saurin cika yake kuma saurin janyewa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shiga cikinsa daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da reshensa Logon, waɗanda suka taso daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa na Kamaru. Daga ɓangaren Nijeriya kuwa, kogin Komadugu Yobe ne ke kai masa ruwan kogunan Haɗeja da Jama'are. Ke nan abin da aka yi wa kogi a Kano ko a Bauchi yana shafar masunci a bakin tafki.

Shekaru aru-aru yankin yana ƙarƙashin inuwar daular Kanem-Borno. Barebari da Kanembu da Buduma mazauna tsibirai da Larabawan Shuwa da Fulani da Kotoko duk sun rayu a kansa, fataken Hausawa kuma suna zuwa sayen kanwa da bandar kifi su kai kasuwannin ƙasar Hausa. Rabe ya ci Borno a 1893 ya mayar da Dikwa cibiyar mulkinsa, har zuwa 1900 lokacin da sojojin Faransa suka kashe shi a Kusuri. A wannan yaƙi ne kwamandansu Lamy shi ma ya rasa ransa, aka sanya wa garin da aka kafa a tsallaken kogi sunan Fort Lamy, wanda ya koma Njamena a 1973. Daga nan Ingila da Faransa da Jamus suka raba yankin a tsakaninsu, suka ja layukan iyaka a kan ruwan da ba ya zama wuri guda. Wannan shi ne gādon da sababbin ƙasashe suka karɓa a 1960.

3.0 Kafa Hukumar Tafkin Chadi

A ranar 22 ga Mayu, 1964, shugabannin ƙasashen huɗu suka rattaba hannu a Fort Lamy a kan yarjejeniyar da ta kafa Hukumar Tafkin Chadi. Su ne Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya da Diori Hamani na Nijar da François Tombalbaye na Chadi da Ahmadu Ahidjo na Kamaru. Daga baya Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta shiga a shekarun 1990, Libiya kuma a 2008. Jigon yarjejeniyar shi ne, kowace ƙasa za ta tuntuɓi hukumar kafin ta fara wani aiki da zai rage ruwan tafkin ko ya cutar da maƙwabta.

Muhimmancin wannan hukuma ya ƙara fitowa fili daga baya. Da aka kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, Nijeriya da Nijar suka shiga cikinta, Chadi da Kamaru kuwa suka kasance cikin ƙungiyoyin Afirka ta Tsakiya. Hukumar Tafkin Chadi ce ta zama zauren da ya haɗa ƙasashen huɗu a kan al'amarin da ya shafe su kai tsaye.

4.0 Fari da Janyewar Ruwa

An kafa hukumar ne a lokacin yalwa. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya raba shi gida biyu, tafkin arewa da na kudu. Da fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, sai ruwan fili ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, ɓangaren arewa kuma ya riƙa bushewa ƙaf a wasu shekaru.

A nan ne aka jarraba yarjejeniyar 1964, kuma ba ta yi abin da aka kafa ta dominsa ba. Kowace ƙasa ta mayar da hankali ga ciyar da jama'arta. Nijeriya ta kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta ƙara da ta Challawa a 1992, abin da ya rage ambaliyar da ke shayar da fadamar Haɗeja da Nguru duk shekara, ya kuma taimaka wa ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Kamaru ta gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, fadamar Logon ta ƙanƙance, makiyaya da masunta suka sha wahala. A Borno an kashe maƙudan kuɗi a kan babban aikin noman rani na kudancin tafkin, aka haƙa magudanai, amma kafin a ci moriyarsa ruwan ya gudu ya bar bakin magudanan a bushe.

Sai bayan ɓarna ta auku aka koma ga shawara. Nijeriya da Nijar, waɗanda suke da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai ofishi a Yamai, sun ƙulla yarjejeniyar Maiduguri a 1990 a kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da Komadugu Yobe da Gulbin Maraɗi. A 2012 shugabannin ƙasashen hukumar suka amince da kundin ƙa'idojin amfani da ruwan yankin baki ɗaya. Shawarar karkato ruwa daga kogunan yankin Kwango zuwa Shari kuwa, wadda aka daɗe ana kawowa aka kuma sake tattauna ta a taron Abuja na 2018, ba ta wuce matakin nazari ba. Ya kamata a lura cewa tun daga shekarun 1990 ruwan tafkin ya ɗan farfaɗo, har ma a 2022 da 2024 ambaliya ce ta addabi yankin. Saboda haka malamin da zai koyar da wannan batu ya nuna wa ɗalibai cewa tafkin yana janyewa yana dawowa, kuma wannan hali nasa shi ne tushen yawancin rikice-rikicen da za a ambata a gaba.

5.0 Iyaka da Tsaro

Da ruwa ya janye, masunta da manoma suka bi shi. Inda dā kwalekwale ke yawo sai aka wayi gari an kafa ƙauyuka, ana noman masara da wake a danshin da ruwa ya bari. Ba wanda ya iya nuna inda ƙasarsa ta tsaya. A 1983 sojojin Nijeriya da na Chadi suka gwabza a kan wasu tsibirai, aka yi asarar rayuka. Bayan wannan faɗa ne aka ɗora wa hukumar aikin shata iyakokin cikin tafkin, aka kuma kafa alamomi tsakanin 1988 da 1990, sai dai Nijeriya ba ta tabbatar da sakamakon ba.

Ƙauyen Darak shi ne misali mafi fitowa fili. 'Yan Nijeriya ne suka cika shi, hukumomin Borno ne ke gudanar da shi, amma bisa layin Turawa yana cikin Kamaru. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a kan Bakasi, ta haɗa da yankin tafkin. A ranar 10 ga Oktoba, 2002, kotun ta yanke hukuncin cewa tsofaffin yarjejeniyoyin Turawa ne abin dogara. Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya suka amince da kafa kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a watan Disamba na 2003 Nijeriya ta janye daga Darak da wasu ƙauyuka sama da 30 ba tare da an zubar da jini ba. Shekara ashirin ke nan tsakanin warware rikici da bindiga da warware shi ta hanyar shari'a.

Ta fuskar miyagun laifuka, yaƙin basasar Chadi ya watsa makamai a yankin, 'yan kwanta-kwanta suka riƙa tare hanya a wata ƙasa su tsere zuwa wata. Wannan ya sa Nijeriya ta kafa runduna ta musamman a 1994, wadda a 1998 ta zama ta haɗin gwiwa da Chadi da Nijar, mai hedikwata a Baga. Rundunar ba ta sami kulawar da ta dace ba, har rikicin Boko Haram ya tsananta. A watan Janairu na 2015 mayaƙan ƙungiyar suka kwace Baga da sansanin rundunar kansa. Sai a lokacin aka sake fasalinta ƙarƙashin Hukumar Tafkin Chadi da goyon bayan Tarayyar Afirka, aka shigar da Kamaru da Jamhuriyar Benin, aka mayar da hedikwatarta Njamena. An kwato garuruwa da dama a wannan shekara. A 2018 gwamnonin jihohi da yankunan da ke bakin tafkin suka fara taronsu a Maiduguri domin tsara yadda za a farfaɗo da garuruwan da yaƙi ya ɗaiɗaita.

6.0 Lafiya da Jin Daɗin Jama'a

A fagen lafiya ne darasin wannan tarihi ya fi bayyana. A 1962, tun kafin a kafa hukumar, ƙasashen huɗu suka fara yi wa shanu allurar rigakafin bushiya a lokaci guda, domin makiyayi ba ya sanin iyaka idan yana neman ciyawa. Cutar ta ja baya ƙwarai. Da aikin haɗin gwiwa ya ƙare, aka bar wa kowace ƙasa alhakin ci gaba da yi wa maruƙa allura, sai sakaci ya shiga. A farkon shekarun 1980 bushiya ta dawo ta halaka garkuna masu yawa a arewacin Nijeriya. Dole aka sake sabon gangami na nahiya a 1986, kuma da aka dage a kansa, a 2011 aka bayyana cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa.

Haka aka yi da shan inna. A watan Agusta na 2016 aka gano cutar a jikin wasu yara a Jihar Borno. Nan take ƙasashen yankin suka haɗa ranakun rigakafi, aka sa ma'aikata a kasuwanni da mashigun iyaka da sansanonin 'yan gudun hijira. A ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa yankinta na Afirka ya rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Su ma 'yan gudun hijirar Borno sun sami mafaka a Minawawo ta Kamaru da yankin Diffa na Nijar da kusa da Baga Sola a Chadi. Da yawa daga cikinsu ma a gidajen dangi da abokan ciniki suka sauka, tun kafin wata gwamnati ta tanadi tanti.

7.0 Kasuwanci da Rufe Iyaka

Kasuwancin yankin ya dogara ne da zirga-zirga. Bandar kifi daga Baga, tattasai daga bakin Komadugu, shanu daga Chadi da Nijar, duk ta Maiduguri suke bi zuwa kudancin Nijeriya, hatsi da kayan masarufi kuma su bi hanya su koma. Amma gwamnatoci sun sha mayar da rufe iyaka makamin farko. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin da yunwa ke cin Nijar, ta kuma sake rufe su daga 2019 zuwa 2020 domin hana fasa-ƙwauri. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023 aka sake rufe iyakar ƙasashen biyu. A watan Janairu na 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, a watan Maris kuma ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa. A kowane karo, ƙaramin ɗan kasuwa da mai saye su ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa inda ƙasashen suka dage tare, kamar a yaƙi da bushiya da shan inna da sasanta rikicin Darak, an kai ga biyan buƙata. Inda kowa ya yi gaban kansa, kamar a gina madatsun ruwa da sakaci da rundunar Baga da rufe iyakoki, an yi asarar da sai da aka ɗauki shekaru ana gyarawa. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, amma a bakin Tafkin Chadi sau da yawa sai wutar ta iso ake neman guga.

Dangane da manhaja, ana ba da shawarar a shigar da wannan tarihi cikin matanonin auna fahimta da batutuwan insha'i da muhawara a azuzuwan Hausa na babbar sakandare da kwalejojin ilimi. Hausa na cikin harsunan ciniki a kasuwannin bakin tafkin, kuma ɗaliban Hausa a Nijeriya da Nijar za su iya karanta matani guda duk da bambancin harshen hukuma. Haka kuma batun zai ba malami damar koyar da kalmomin su da noma da kiwo da shari'ar ƙasa da ƙasa a cikin muhallinsu. Ya dace a tanadi taswirori biyu, ɗaya ta tafkin a 1963 ɗaya ta tsakiyar shekarun 1980, a nemi ɗalibai su nuna inda layin iyaka yake a kowacce, sannan su bayyana abin da suke ganin ya kamata masuncin da ruwa ya tsallaka da shi ya yi.