Kula da man giyar atomatik da na akwatin rarraba ƙarfi a mota

Galibin masu mota sun saba da juyen man inji a kan kari, amma kaɗan ne ke tunawa da man giya har sai mota ta fara fizga ko ta ƙi shiga giya. A wannan lokaci kuwa sau da yawa ɓarna ta riga ta auku, domin giyar atomatik na daga cikin sassan mota mafi tsadar gyara. Motocin da ke jan tayoyi huɗu kuma suna da wani akwati na daban mai nasa man, wanda ya fi man giya shan mantuwa.

Aikin man giyar atomatik

Giyar atomatik ta fara yaɗuwa ne bayan da kamfanin General Motors na Amurka ya sanya samfurin Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na shekarar 1940. Tun daga wancan lokaci aikinta ya dogara ne kacokan a kan mai na musamman da ake kira ATF.

Aikin wannan mai ya wuce sanya santsi tsakanin ƙarafa. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin wani kasko mai fuka-fukai da makanikai ke kira kwambata. Shi ne kuma ke bi ta ƙananan hanyoyi da ƙarfin matsi ya danne faya-fayan kuloci domin a sauya giya. Haka nan yana kwashe zafi ya kai shi wurin sanyaya, wanda a motoci da dama yana cikin lagireto, sannan yana wanke dattin da gugar ƙarafa ke haifarwa.

Saboda haka man giya tamkar wani sashe ne na na'urar kanta. Idan ya ragu, matsi ya ragu, kuloci ya riƙa sulɓewa yana ƙonewa. Idan ya tsufa, sinadaran da ke cikinsa su mutu, ya daina kare ƙarafa.

Kowace giya da nata man

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa duk jan mai ɗaya ne. Launin ja rini ne kawai da ake zubawa domin a bambanta shi da man inji, kuma wasu nau'o'in ba ja ba ne. Abin da ke bambanta su shi ne kauri da irin kamun da suke ba faya-fayan kuloci.

General Motors ya fito da ma'aunin Dexron a shekarar 1967, kuma Dexron VI ya biyo baya a 2005. Ford na da Mercon, Chrysler na da ATF+4. Tsofaffin motocin Toyota da dama na amfani da T-IV, na baya-bayan nan kuma WS, wanda ya fi shi tsinkewa. Honda ta maye gurbin Z1 da DW-1.

Akwai kuma giyar CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe ko sarƙa tsakanin gargare biyu a maimakon jerin giyoyi. Ita tana da nata man, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan, kuma zuba mata ATF na gama-gari na iya lalata ta cikin ɗan lokaci.

Sunan man da ya dace yana cikin littafin mota, wani lokaci kuma a rubuce a jikin sandar gwajin mai. Wanda ba shi da littafin zai iya samo shi ta intanet da lambar jikin motar. Wajibi ne kuma a sayi mai a wurin dillali amintacce, ganin cewa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha gargaɗin jama'a game da jabun man mota a kasuwanni.

Yadda ake duba shi

A motocin da ke da sandar gwaji, ana tsayar da mota a wuri mai daidaito bayan ta yi tafiya ta ɗau zafi. A taka birki, a bi da sandar giya ta kowane matsayi, a mayar da ita kan P. A mafi yawan motoci ana dubawa inji na aiki, amma a motocin Honda da dama sai an kashe inji sannan a duba nan take. A zaro sandar, a goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa a karanta.

Mai lafiyayye garau yake, ba ya wari. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya fara tsufa. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna alama ce ta cewa kuloci ya fara ci. Idan kuwa ya yi kama da madara, ruwa ya shiga, ko dai daga lagireto da ya fashe ta ciki ko daga ambaliya, kuma bai kamata a ci gaba da tuƙa motar ba.

Cika mai fiye da ƙima ma illa ce, domin yana kumfa, matsi ya lalace. Sababbin motoci da yawa ba su da sandar gwaji. Ana auna nasu ne ta wani noti a jikin giya a daidai wani mataki na zafi, aikin da ke buƙatar makaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar mota.

Yaushe ake canzawa

Babban abokin gabar man giya shi ne zafi. Yana aiki lafiya a wajen digiri 80 na ma'aunin Salshiyas, kuma duk lokacin da zafi ya haura haka, tsufansa na ƙara sauri.

Masu ƙera motoci kan ba da jadawali biyu: na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai tsanani. Tuƙi mai tsanani ya haɗa da tsayawa da tashi a cunkoso, zafin rana, ƙura, lodi mai nauyi da hawan tudu. Wanda ke bin cunkoson Legas ko na hanyar Nyanya zuwa Abuja, ko yake tuƙi a zafin bazara da ƙurar hunturu, jadawali na biyu ne ya shafe shi. Tazarar da aka fi bayarwa tana tsakanin kilomita 50,000 zuwa 100,000, gwargwadon irin mota.

Wasu kamfanoni na cewa man giyarsu ba ya buƙatar canji har ƙarshen rayuwar mota. Sai dai kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera wa BMW da wasu kamfanoni giya, yana ba da shawarar a canza shi, musamman ga motar da ke aiki mai tsanani.

Masu sayen motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje su lura da abu biyu. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya ya kai kimanin kilomita 1.6, don haka mil 60,000 ya haura kilomita 96,000. Na biyu, motar kan zo ba tare da tarihin kulawa ba, don haka ya kamata a duba man tun ranar saye.

Hanyoyin canzawa

Hanya mafi sauƙi ita ce kwance notin ƙasa a tsiyaye mai, a auna abin da ya fita, a zuba sabo daidai da shi. Wannan kan fitar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin man ne kawai, saboda saura na cikin kwambata da bututu. Shi ya sa wasu ke maimaitawa sau biyu ko uku da ɗan tuƙi a tsakani. Idan giyar tana da kwanon ƙasa, a kan cire shi a wanke, a share maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe, a canza filta.

Hanya ta biyu ita ce amfani da na'ura a musanya man baki ɗaya. Ga motar da ta daɗe ba a taɓa manta ba, makanikai da dama sun fi son hanyar farko. Ya kamata a sani cewa sabon mai ba ya gyara kulocin da ya riga ya cinye.

Akwatin rarraba ƙarfi

Motoci irin su Hilux, Prado, Land Cruiser da Pajero suna da wani akwati a bayan giya da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda makanikai ke kira ogzilari. A cikinsa akwai giyoyi, a wasu kuma har da sarƙa, kuma a yawancin motoci mansa daban yake da na giya.

Man da yake ɗauka kaɗan ne, galibi lita ɗaya zuwa biyu, don haka ɗan yoyo na iya busar da shi ba tare da direba ya ankara ba. Wasu na amfani da ATF, wasu man giya mai kauri irin 75W-90, wasu kuma mai na musamman daga kamfanin motar. Ana yawan ba da shawarar canza shi a wajen kilomita 50,000.

Akwatin na da noti biyu, na zubawa a sama da na juyewa a ƙasa. Ƙa'ida ita ce a fara kwance na sama, domin kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi buɗuwa. Ana zubawa har man ya kai bakin ramin.

Akwatin yana da ƙaramar kafar shan iska, kuma ruwa kan bi ta nan idan mota ta ratsa rafi ko ambaliya. Duk motar da ta shiga ruwa mai zurfi a damina, a duba man akwatin da na aksul. Alamomin matsala sun haɗa da ƙara ko gurnani daga ƙarƙashin mota, wahalar shiga ko fita daga jan tayoyi huɗu, da ɗigon mai a inda aka ajiye ta.

Ɗabi'un da ke tsawaita rayuwarsu

A bari mota ta tsaya cak kafin a sauya daga D zuwa R. A kan tudu a ja birkin hannu kafin a sa P. Kada a ja motar atomatik da igiya tafiya mai nisa tayoyinta na ƙasa, domin famfon mai ba ya aiki idan inji na kashe. Motar da direba ke sa wa jan tayoyi huɗu da kansa, kada a bar ta a haka a kan busasshiyar kwalta, kuma tayoyin huɗu su kasance girmansu ɗaya.

Tsohon mai kada a zubar da shi a kwata ko a ƙasa, domin yana gurɓata ruwa. A rubuta kwanan wata, adadin kilomita da sunan man da aka zuba a duk canji. Wannan ɗan rubutu shi zai nuna wa mai mota lokacin canji na gaba, ya kuma ƙara wa motar daraja ranar da za a sayar da ita.